Ranar da Ban Ɗaga Sanda Ba

Mu goma sha ɗaya ne a badujalar kamfanin kwano, ni ne mai babbar ganga. Kayan kiɗan na kamfani ne, kakin da muke sawa ma nasu ne, ja mai igiya ruwan zinariya a kafaɗa, irin wanda in ka sa sai matarka ta sake dubanka. Ba wanda aka ɗauka aiki don kiɗa a cikinmu. Mutum goma a ɗakin injina suke, inda ake matse ƙarfe a fitar da kwanon rufi. Ni kaɗai na bar ɗakin, bayan shekara tara, da ciwon baya ya sa aka mayar da ni sito. Ciwon bayan nan shi ya ceto mini kunnen hagu.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin injina ba ba zai gane ba. Inji shida ne a jere, kowanne in ya sauko sai ƙasa ta amsa. Ka ajiye kofin shayi a benci, ka juya, ka tarar ya yi tafiya taku guda. Ba a magana da baki a ciki, da hannu ake yi. In an tashi kuwa, wani siririn kuka ne zai raka ka har gida, ya zauna da kai ka ci abinci. Wata rana sai ka ji kukan ya ragu, ka yi murna, ba ka san kunnen ne ya fara sallama ba.

Shugabanmu Begila ne. Sunan abin busarsa ya bi shi har ya cinye nasa na gaskiya. Shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin injina, mutum ne mai tsabta da girman kai, ko maɓalli ɗaya ka bari a buɗe sai ya mayar da kai gida. Yana da usur na ƙarfe a wuya. In ya busa sau ɗaya mu fara, in ya busa sau biyu mu tsaya. A bayan layi yake tsayawa, kan wani akwatin katako, wai don ya ga ƙeyar kowa. Ni kuma ina gaba, ina fuskantarsu.

To ga abin da ni kaɗai na sani. Shekara shida ke nan ba wanda yake jin usur ɗin nan. Na lura ne wata rana da ya busa, na ga ba mai shirin tsayawa, sai da na ɗaga sandata sama don mamaki aka tsaya cak. Daga ranar, duk sanda na ga ya kai usur baki, sai in ɗaga sanda. Idanun mutum tara a kan hannuna suke, kowa yana satar kallo, kowa yana zaton shi kaɗai ne bai ji ba. Begila kuwa yana can bisa akwati yana jin daɗin yadda ake bin umarninsa. Ban faɗa wa kowa ba. Na yi yawon duniya kafin in zauna, na yi dako a tashar jirgin ruwa, na bi manyan motoci, kuma abin da na koya shi ne mutum yakan yafe maka zagi, amma ba ya yafe maka ranar da ka nuna masa ya tsufa.

'Yarsa ta fari ita ce nas a ɗakin shan magani na kamfani. Nas kowa yake ce mata, har uwarta in tana son tsokanarta. Ita ta kawo dabarar mu riƙa fita unguwannin ma'aikata ranar hutu. Mu je fili mu kafa kiɗa, jama'a su taru, ita kuma ta kafa teburinta a gindin bishiya tana awon jini, tana yi wa jarirai allura, tana faɗa da mata kan rufe randar ruwa. Mutumin da ba zai taka asibiti ba ko an ɗaure shi, in ya zo kallon badujala sai ka gan shi a layi ya naɗe hannun riga. Kamfani ya ji daɗi, har hotonmu suka sa a kalanda.

A layin nan ne ta gano abin. In ta kira sunan mutumin ɗakin injina, sai matarsa ta zungure shi kafin ya taso. Sai ta fara tsayawa a bayansu tana faɗin lamba a hankali, ta ce su maimaita. Cikin wata huɗu ta rubuta suna sittin da huɗu. Ta kai wa Manaja takarda sau uku, tana neman a gwada kunnen kowa da na'ura, a kuma raba abin toshe kunne. Sau uku yana cewa ana dubawa. Sai ta tsallake shi ta aika ofishin kula da lafiyar ma'aikata.

Da labari ya zo cewa za a turo likita, Manaja ya kira ta. A sito na ji, don masinjansa ba ya iya riƙe magana. Ya ce mata in likita ta zo ba ta ga komai ba, ta tattara kayanta ranar, kuma zai rubuta cewa ta yi wa kamfani ƙage, yadda ko kantin magani ba zai ɗauke ta ba.

Manajan nan ba wawa ba ne. Bai yi gardama da takarda ba. Begila ya kira ofis, ya ba shi kujera mai laushi, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi.

"Malam Begila, a duniya ka taɓa ganin kurma yana kiɗa?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"To ranar da baƙuwa za ta zo, ku nuna mata. Mutum goma daga ɗakin injina, ba wanda yake kuskure. Ni ba zan ce komai ba, kiɗanku zai yi magana."

Ana gobe za a zo, na je gidan Begila da rana tsaka. Na same shi a baranda yana goge begilarsa, rediyo a gefensa yana ihu har maƙwabta suna sauraren labarai kyauta. Nas ta fito ta kashe rediyon.

"Baba, kada ka yi kiɗan nan gobe."

"Me?"

"Na ce kada ka yi kiɗan gobe!"

"To meye na ɗaga murya? Kina magana da ubanki kamar mai kiran fasinja."

"Da kai za su ƙaryata ni, Baba. Sunanka ne ya kamata ya zama na farko a takardar, kunya ce ta hana ni sawa."

Ya ajiye tsumman. "Ni? Ke da na biya miki makaranta da wannan kunnen? Mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana, sai ƙunƙuni. Tambayi Baffanki, ga shi nan. Shekara nawa ina busa usur, an taɓa wuce ni da bugu ɗaya?"

Suka zubo mini ido su biyu. Na ce, "Ba a taɓa ba." Gaskiya na faɗa, amma ta fi ƙarya muni.

Ta raka ni bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, ba irin su ba ce.

"Baffa, na daɗe ina kallon sandarka."

"Kallo ai ba laifi ba ne, 'yata."

"Shekara ashirin kana cin abinci a gidan nan. Gobe za a kore ni kana tsaye da ganga a ciki."

"In na faɗa masa da baki zai ce hassada ce, ina son kujerarsa."

"Akwatinsa dai," ta ce, ta rufe ƙofa.

Washegari da hantsi aka kafa rumfuna a harabar kamfani, aka jera kujerun roba, aka ce kowa ya zo da iyalinsa. Injina duk a kashe, wai ana gyara. Tunda nake ban taɓa jin kukan tsuntsu a harabar nan ba sai ranar. Likitar wata 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau da takalmi maras tsini, ta zauna gaba da littafi a cinya. Nas tana can ƙarshen rumfa a tsaye, ba wanda ya ba ta kujera.

Manaja ya ɗauki lasifika ya yi ta zuba. Kamfani uwa ne, kamfani uba ne. Ya ce akwai masu cin tuwon gida suna ɓata sunan gida, amma shi ba zai kama suna ba. Sannan ya nuna mu da hannu.

"Waɗannan da kike gani, Likita, in aka haɗa shekarunsu a ɗakin injina sun haura ɗari biyu. Ki saurara da kanki."

Begila ya hau akwati, ya busa sau ɗaya, na sauke sanda, muka shiga. Kiɗan maci ne mai zagaye, ba shi da ƙarshe, in ya kai gindi sai ya koma kai, sai an tsayar da shi. Kuma wallahi mun yi kiɗa ranar. Dogo mai babban ƙaho yana ta ruri, Walda da faifan ƙarfensa yana walƙiya a rana, mata suna kaɗa kai. Na ga Likita tana buga ƙafa a ƙasa. Na ga ta rufe littafinta. Manaja ya sunkuya ya raɗa mata wani abu yana murmushi.

A zagaye na uku Begila ya sauke begila, ya kai usur baki, ya busa sau biyu.

Hannuna ya fara tashi da kansa, don shekara shida ba wasa ba ce. Na danne shi. Na ci gaba da duka.

Ba wanda ya tsaya. Mutum tara suka koma kan waƙar kamar ba a yi komai ba, idonsu a kan sandata. Begila ya sake busawa. Muka ci gaba. Ya cire usur ɗin ya girgiza, ya bubbuga shi a tafin hannu, ya leƙa cikinsa da ido ɗaya ko ɗan ƙwallon ya maƙale. Shi a zatonsa usur ne ya lalace. Sai ya cika ƙirji ya busa da duk ƙarfinsa, dogon busa, har jijiyar wuyansa ta fito.

Ni da kunne ɗaya sai da na ji shi kamar allura. Wata mata a layin gaba ta toshe wa jaririyarta kunne. Likita ta ɗage kafaɗa ta runtse ido. Rabin rumfa sun kai hannu kunne. Begila yana tsaye bisa akwati, usur a baki, yana kallonsu suna toshe kunne saboda ƙarar da shi bai ji ba. Sannan ya dubi ƙeyoyin mutanensa tara. Sannan ya dube ni.

Na ɗaga sanda. Kiɗa ya mutu nan take, kamar an yanke da wuƙa.

Manaja ya yi dariya a lasifika. "Zumuɗi ne, Likita! Sun ga baƙuwa ba sa son tsayawa. A tafa musu!"

'Yan ofis suka tafa. Sauran jama'a ba su tafa ba. Begila ya sauko, ya ratsa layi, ya zo ya tsaya har ƙirjinsa yana taɓa gangata.

"Tun yaushe?"

"Shekara shida."

"Kai tsohon munafuki ne."

"Na karɓa."

Ya juya ya kama Dogo a hannun riga, ya ɗaga usur a gaban idonsa. "Kai, tsakaninka da Allah, kana jin wannan?"

Dogo, ƙato guda, ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da satar nama. "Shugaba, na ɗauka ni kaɗai ne."

"Ni ma," in ji Walda. "Ni har addu'a nake kada Mai Ganga ya yi rashin lafiya."

Na zaci Begila zai tuɓe kaki ya tafi gida. Abin da na shirya wa ke nan, na ce abota ta ƙare, sai dai a gaisa a hanya. Sai na ga ya gyara hularsa, ya duba maɓallansa, ya taka har gaban Likita kamar mai fareti. Ya ciro usur daga wuya, ya goge shi da hankici, ya miƙa mata da hannu biyu.

Manaja ya miƙe. "Malam Begila, koma wurinka. Akwai sauran jawabi."

Ko kallonsa bai yi ba. Da yake bai san ƙarfin muryarsa ba, har bakin ƙofar kamfani an ji shi.

"Likita, waccan da aka bari a tsaye 'yata ce. An ce ta yi ƙarya. Ni ma na ce ta yi ƙarya, a gidana, jiya. Za mu juya miki baya mu yi kiɗa. Ki busa lokacin da kika ga dama. Duk wanda ya ji zai sauke abin busarsa. In mutum uku suka sauke, ni da kaina zan ɗaukar mata jakarta zuwa bakin titi."

"Wannan ba ya cikin tsarin taro!" in ji Manaja.

Likita ta karɓi usur ɗin. "Ai ni aka shirya wa taron, ko? To ina so."

Begila ya jera su suna fuskantar bangon ɗakin injina, shi ma ya shiga layi, ya bar akwatin. Ya nuna ni da begila. "Kai kuma ka yi ta duka. In ka ɗaga sandar nan kafin in ce, a kanka zan karya ta."

Muka fara. Wannan karon ba don Manaja muka yi ba, kuma an ji bambanci. Ƙaho yana dukan bango yana dawowa. Likita ta busa daga inda take. Ba wanda ya motsa. Ta taso ta matso taku biyar ta busa. Ta yi ta matsowa tana busawa. A busa na biyar tana daf da bayan Walda, sai ya ɗan waiga ya sauke faifansa, ya tsaya shi kaɗai yana raba ido kamar ya yi laifi. Ta wuce shi ta tsaya a bayan Begila, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, ta busa har sau biyu. Gashin ƙeyarsa ma sai da ya motsa. Shi kuwa yana ta busa abinsa, ƙirji a gaba.

Sai wata mata ta miƙe a cikin rumfa. Matar wani mai aikin inji na huɗu ce, na san ta, bakinta ba ya shiru ko a gidan makoki.

"Nawa ma haka yake! Sai na jefe shi da takalmi yake juyowa!"

Aka fashe da dariya, amma kafin dariyar ta mutu wata ta miƙe, wata ma ta miƙe. Suna nuna mazansu, mazan suna noƙe kai. "Ga nawa!" "A rubuta da nawa!" Manaja yana ta magana a lasifika, ba mai jinsa, mu muna kiɗa, mata suna ihu. Masu gadi biyu suka zo, suka tsaya suna kallon juna, don ɗayansu ƙanin Dogo ne.

Na yi ta duka har kafaɗata ta fara wuta. Da na ga Likita ta koma ta buɗe littafinta, sai na zaga ta gabansu na ɗaga sanda, in ya so ya karya.

Begila ya sauke begila yana haki. Ya juyo ya dube ni.

"Wa ya ce ka tsaya? Ta busa ne?"

Nas ce ta taho daga ƙarshen rumfa, ta tsaya gabansa, ta ɗaga yatsu bakwai. Ya ƙirga su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Manaja ya riga ya isa wurin Likita. "Haɗa baki suka yi. Uba da 'ya ne, kowa ya gani."

"Yana yiwuwa," ta ce, tana rubutu. "Shi ya sa jibi zan dawo da na'ura, ita ba a haɗa baki da ita. Ina son kowa na ɗakin injina, kuma ina son injinan a kunne, in ji gyaran da aka yi musu. Nas ɗinku za ta riƙe mini layi, ita ta san mutanen. Ina fata zan same ta a bakin aikinta."

Manaja ya haɗiye abin da ya haɗiye. "Za ki same ta."

Begila ya ce wa 'yarsa, "Kawo takardar nan taki." Ta ciro ta daga aljihu. "Sa sunana a sama. Ba a ƙasa ba, a sama. Kuma ki rubuta shekara talatin da ɗaya, kada ki rage mini ko wata guda."

"To, Baba."

"Me?"

"Na ce to!"

"Ai na gani a bakinki. So nake ki sake faɗa."

Da Likita ta shiga mota, Manaja ya taho inda muke, fuska kamar an shafa mata toka. Ya ce badujala ta ƙare daga yau. Kowa ya kai kayan kiɗa da kaki sito, a kulle, ni in kawo masa makulli.

Begila ya sa hannu a bayan kunne, ya karkato da kai cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, bakinka nake gani yana motsi. Ka rubuto a takarda, ka ba Nas, in ta samu lokaci za ta duba."

Ya juya ga mutanensa ya ɗaga begila sama yadda kowa zai gani, ya nuna ƙofar fita. Akwai kamfanin ƙusa a ƙarshen titinmu, ƙarar injinansu ta fi tamu, kuma an kusa tashinsu cin abinci. Ya ce can za mu, Nas ta ɗauko teburinta. Na gyara igiyar ganga a kafaɗar da ba ta ciwo, na shiga gaba, mata suka biyo mu da kujerun kamfani a ka.